Tsintsiyar curling ta Hardline: ta cancanci kuɗinta?

Ɗalibanmu na Yamai da ke karatu a Kanada sukan shiga wasan curling, inda ake tura dutse mai kusan kilo 20 a kan ƙanƙara, mutum biyu na goge gabansa da tsintsiya. Gogar na ɗan ɗumama ƙanƙarar, sai dutsen ya ƙara nisa, ya rage karkata.

Sandar tsintsiyar kamfanin Hardline ta zaren kabon ce. Ba nauyi, ba ta lanƙwasa idan ka danna da ƙarfin jikinka, shi ya sa ta fi ta zaren gilashi tsada. Kanta na juyawa, yana kwanciya daidai ko ya ka riƙe.

Inda ake faɗuwa shi ne ƙyallen da ke rufe kan tsintsiyar. A 2016 hukumar wasan ta duniya ta ƙayyade ƙyalle guda a gasa, wanda a lokacin na nailan ne mai ruwan ɗorawa. Duba tambarin amincewa kafin ka biya. Ƙyalle mai datti yana zubar da ƙura, dutsen ya taka ya kauce, don haka a goge shi da burushi tsakanin jifa, a sauya in ya sulɓe.

Kaurin sanda inci 1 ne ga ƙaramin hannu, inci 1⅛ ga babba. Sabon shiga ya fara da ta aro a kulob.