Masu ciwon lupus ku yi hattara da masu tallan "maganin wanke ƙoda"

Jama'a dan Allah ku taya ni yaɗa wannan. Akwai wasu da suka cika Facebook da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp suna tallan wani jiƙo a jarka, wai yana kawar da lupus kwata-kwata kuma ya wanke ƙoda tas, ka tura kuɗi ta akawun a sa maka a mota. Abin da ya fi ƙona min rai sharaɗin da suke gindayawa, wai sai an ajiye maganin asibiti tukunna nasu zai ci.

Wallahi nan ne kisan yake. Shi lupus garkuwar jiki ce take juyowa tana yaƙar mai ita, kuma mata ya fi kamawa, kusan 9 cikin 10. In ya sauka a ƙoda ba ya zuwa da hayaniya, sai dai a ga fitsari na kumfa, ƙafa da fuska sun kumbura, jini ya hau, wata ma ba za ta ji komai ba sai gwajin fitsari da na creatinine (gwajin jini mai nuna yadda ƙoda ke aiki) ya nuna. Magungunan asibiti irin su prednisolone da hydroxychloroquine da mycophenolate ɗin da suke cewa a zubar su ne ke danne garkuwar, kuma prednisolone in an daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke ragewa a hankali.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ji sauƙi? An sha gano irin waɗannan haɗe-haɗen an daka musu ƙwayoyin rage ciwo da kumburi irin su dexamethasone ko diclofenac a ciki, ciwon gaɓoɓi ya lafa mutum ya ɗauka waraka ce, alhali diclofenac ɗin kanshi illa yake wa ƙodar da ta riga ta yi rauni. Ran da aka kai ga wankin ƙoda da na'ura a asibiti kuwa, kira lambarsu ka ji a kashe.

Kar kuma lambar NAFDAC a jikin kwalba ta ruɗe ku, wasu na bogi ne, ta gaskiyar ma ba shaida ba ce cewa yana warkar da lupus.

'Yar'uwa in har kin riga kin fara shan jiƙon, ki dakata da shi, ki ɗauki jarkar ki kai wa likitanki ya gani, kar ki ɓoye masa don kunya, a duba miki fitsari da jini cikin satin nan.