Kasuga Taisha da bareyin Nara: a yi sammako, a tafi a ƙafa

Duk wanda ya samu kansa a Osaka ko Kyoto, ina ba shi shawara ya ware yini guda don Nara. Daga kowanne cikin biranen biyu, tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai awa ɗaya ba. Nara ce fadar mulkin Japan daga 710 zuwa 784, kuma a gabashinta ne wurin bautar addinin Shinto mai suna Kasuga Taisha yake, wanda zuriyar Fujiwara suka kafa a 768. Daga tashar Kintetsu Nara a ƙafa na taka, tafiyar kusan rabin awa ce ta cikin gandun Nara.

Gandun nan na bareyi ne. Sun haura dubu, ba shinge ba makiyayi. Mabiya Shinto suna ɗaukarsu 'yan aiken abin bautarsu Takemikazuchi, wanda suka ce a kan farar barewa ya iso Nara daga Kashima, kuma tun 1957 dokar ƙasa take kare su. Akwai masu tebur da ke sayar da wani biskit na garin alkama da dusar shinkafa, shi kaɗai aka yarda a ba su. Wasu sukan sunkuyar da kai kafin su karɓa, abin gwanin sha'awa. Amma a bakin gandun, inda jama'a suka fi cunkoso, sun zama kamar awakin kasuwa: da sun hango biskit a hannunka sai su yanyame ka, wannan ta ja maka riga, waccan ta tunkuye ka. Mai ƙananan yara ya riƙe su da kyau. Abin da ya sosa mini rai shi ne masu ɗaga biskit sama suna wahalar da dabba don ɗaukar hoto, da masu sakaci da leda, alhali an sha samun leda a cikin cikin bareyin da suka mutu.

Yawancin baƙi a nan suke tsayawa, su leƙa haikalin Todai-ji na mabiya Buddha, su juya. Sun yi asara. Da ka wuce babbar jar ƙofar katako da suke kira torii, hayaniya sai ta fara raguwa. Hanyar zuwa Kasuga Taisha ce, ta tsakuwa, a ƙarƙashin dogayen itatuwa, dama da hagu fitilun dutse ne jere, gansakuka ta lulluɓe su. Na dutse kusan 2,000 ne, na tagulla da aka rataya a barandun ginin kusan 1,000, duk mutane ne suka bayar da su cikin ɗaruruwan shekaru, an rubuta sunayensu a jiki. Sau biyu kawai a shekara ake kunna su gaba ɗaya, farkon Fabrairu da tsakiyar Agusta. Bareyin wannan ɓangaren ma sun fi natsuwa.

Harabar waje kyauta ce, shiga ciki kuwa sai an biya, kuma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba. A ciki akwai wani ɗaki mai duhu da ake barin fitilu a kunne don wanda bai dace da lokacin bikin ba, ga kuma wata ƙatuwar bishiya da aka ce ta doshi shekara 1,000. Jan fentin ginin kamar jiya aka shafa, domin bisa al'ada duk shekara 20 ake sabunta shi. Karo na 60 an kammala shi a 2016. Ni Musulmi ne, kallo da neman sani suka kai ni. Masu bauta suna wanke hannu da baki, su rusuna, su tafa hannu. Ni na tsaya daga gefe, ba wanda ya ko kalle ni, balle ya ce in yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kurmin da ke bayan ginin, a kan dutsen Kasuga. Tun 841 aka hana farauta da sare itace a cikinsa, kuma hanin ya ɗore sama da shekara 1,100, ga shi daf da birni. Mu da muka ga yadda gatari da gawayi suka cinye dazuzzukanmu cikin rayuwar mutum ɗaya, dole jikinmu ya yi sanyi. Da kurmin da wurin bautar duka suna cikin wuraren tarihin Nara da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1998.

A je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, a sa takalmi mai daɗin tafiya saboda tsakuwa da matakala. A lokacin kaka mazan bareyi sukan yi faɗa, sai a ba su hanya. Kwandon shara yana da wuyar samu a gandun, don haka a tafi da jakar da za a zuba tarkace a fita da shi.