Wata takwas da Garmin Forerunner 55: agogon da ya hana ni gudun ganin ido

Bari in fara da cewa ni ba ɗan wasa ba ne fa, ma'aikaci ne kawai mai shekara 38 wanda tumbi ya fara yi wa sallama, har madam ta koma kirana Alhaji alhali ko Jidda ban taɓa takawa ba. Shi ya sa na fara fita gudu bayan asuba a Murtala Square nan Kaduna, sau uku ko huɗu a sati. Mutane da yawa in sun ga agogon nan a hannuna sai sun tambaya wai ya yake, ya cancanci kuɗinsa kuwa, to ga amsar gaba ɗaya in huta.

Kafin shi na taɓa sayen wani a kasuwa, irin masu ƙyalƙyalin nan marasa suna, mai shagon ya rantse min yana auna bugun zuciya da hawan jini har da suga. Sati biyu ina ta murna, kullum bugu 76, 78, ko ina kwance ko na hau bene. Ranar da asirinsa ya tonu ƙanena ne ya cire shi daga hannuna ya ɗaura wa gorar ruwa, wallahi agogon nan ya yi ɗan tunani ya ce gora tana bugu 78, jininta kuma lafiya lau. Muka yi dariya har da hawaye amma ni a raina kuɗina nake tunawa.

To sai wani abokin aikina da ya taɓa zuwa gudun Legas, wanda ake yi duk watan Fabrairu, ya ce in daina wahalar da kaina in nemi Garmin ko da na hannu ne. Kamfanin Amurka ne, tun 1989 suke harkar GPS, kuma Forerunner ɗinsu na farko tun 2003 ya fito, wato sun daɗe a sana'ar. Shi wannan 55 ɗin a 2021 aka fitar da shi a kan dala 200, shi ne na masu farawa. Ba zan faɗi nawa na saya a naira ba don kafin ka gama karanta wannan farashin ya canza, na hannu dai na samu mai tsafta da cajarsa.

Ranar da na buɗe shi gaskiya gwiwata ta ɗan yi sanyi. Roba ce zalla, giram 37, ba nauyi ko kaɗan kamar agogon yara, sikirin ɗin kuma dishi-dishi in kana cikin ɗaki, ba a shafa shi da yatsa, maɓallai biyar ne uku a hagu biyu a dama. Madam ta juya shi ta ce "wannan ne na kuɗin?" Sai da na fita da shi rana na gane hikimar, don irin sikirin ɗin nan ne da rana ke ƙara masa haske, ƙarfe tara na safe rana ta take amma lambobin raɗau kake ganinsu ba sai ka kare da tafin hannu ba. Maɓallan ma daga baya na gode Allah, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin shafa waya da hannu sharkaf da zufa ya san me nake nufi. Batir kuma shi ne abin da ya fi burge ni a ƙasar da wuta sai ta ga dama, su sun ce yana kai sati biyu in ba ka kunna GPS ba, awa 20 in GPS na kunne, ni da nake fita sau huɗu ina yin kwana tara zuwa goma kafin in nemi caja. Na sha mantawa inda na ajiye ta ma.

Yanzu ga ainihin labarin. Fitata ta farko da shi na yi irin gudun da na saba, wato in ga wani a gabana in ce sai na wuce shi, kilomita uku na yi ina haki kamar an biyo ni, da na tsaya na duba sai na ga matsakaicin buguna 168. Shi agogon yana raba bugu gida biyar, masu gudu suna ce musu zon, kuma in ba ka gyara masa ba yana ɗaukar 220 ya cire shekarunka ya ce wannan ne ƙarshen abin da zuciyarka za ta iya. Nawa ya kama 182 kenan. Zon na biyu daga kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, na uku 70 zuwa 80, na biyar daga 90 zuwa sama, wato ni daga 164. Ashe duk watannin da na yi ina fita a zon na ƙarshe nake rayuwa, wanda masu tirenin na gaske ke shiga na ɗan mintoci su fito. Shi ya sa kullum gwiwa ciwo, shi ya sa ranar da na yi gudu nake gyangyaɗi a ofis, shi ya sa sau biyu ina dainawa in dawo.

Sai na sa masa ƙararrawa, in bugu ya haura 146, wato ƙarshen zon na uku, ya girgiza min hannu. Kai jama'a! Sati na farko ko minti uku ba na yi sai in ji zzzt, dole in koma tafiya, in ya sauka in ɗan taɓa sassarfa, zzzt kuma. Abin kunya ne sosai ba zan ɓoye ba. Akwai wani dattijo mai furfura da ke zagaye da carbi a hannu, kullum a da ina wuce shi fuuu, ranar nan shi ya zo ya wuce ni ya waigo ya ce "yaro lafiya dai ko, ko ƙafar ce?" Na ce lafiya lau Baba, agogo ne ya hana ni. Ya kalle ni ya kalli agogon ya ce "to Allah ya kyauta" ya yi gaba abinsa. Na kusa cire ƙararrawar ranar.

Ban cire ba dai. Wajen wata na uku sai na lura girgizar ta ragu, kilomitar da nake yi a minti takwas da rabi a bugu 145 ta dawo minti bakwai a bugu ɗaya ɗin, kuma ina iya gaisawa da mutane ina gudu ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Yanzu ina yin kilomita goma ranar Asabar in dawo in kai yara islamiyya kamar ba abin da ya faru. A wajena wannan kaɗai ya biya kuɗin agogon, sauran duk gyara ne. Lissafin 220 ɗin nan dai ƙiyasi ne, mutum biyu masu shekaru ɗaya za su iya bambanta sosai, ni daga baya na ga nawa ya taɓa 187 a wani hawa, sai na shiga saitin na gyara da hannu.

Amma fa lambar tana iya yaudararka in ba ka san yadda ake samo ta ba. In ka juya bayan agogon za ka ga koren haske yana ƙyaftawa, shi yake haska fata, jini yana shanye koren haske, duk bugun da zuciya ta yi jini ya ƙaru a jijiya sai hasken da ke dawowa ya ragu, da haka yake ƙirgawa. Saboda haka duk abin da ya sa agogo rawa a hannu ko ya rage jini a fata zai rikita lissafin, kuma kowane agogo mai haske haka yake ko na wane kamfani ne. Ni na koya a watan Janairu da hunturu ya kankama, na fito hannuna kamar ƙanƙara, na ɗaura shi sako-sako a kan ƙashin wuyan hannu yadda muke ɗaura agogon zuwa biki, ina sassarfa a hankali sai na ga 172. Gabana ya faɗi, na tsaya na sa yatsu biyu a wuya na ƙirga na daƙiƙa 15 na ninka huɗu, ko 135 bai kai ba. Ashe takun ƙafata yake ƙirgawa, tunda yana tsalle a hannun daidai da kowane taku. Laifina ne. Maganin shi ne ka matsar da shi sama da ƙashin kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ka ƙara matse shi rami ɗaya lokacin gudu, in ana sanyi ka ɗan motsa jiki ya ɗumama kafin ka danna. Tun daga nan bai sake min ba.

Inda haske ba ya iya bin sawu shi ne gudun wuta na gajeren zango, irin ka tsinka mita 200 ka huta ka sake, kafin lambar ta hau kai ka gama, sai kana tsaye kana haki take nuna 170. Wanda zai yi irin wannan tirenin ya nemi bel ɗin ƙirji, Polar H10 ko HRM-Dual na Garmin, su siginar lantarkin zuciya suke ɗauka kai tsaye kuma agogon yana haɗuwa da su. Na ari na abokina sau biyu, sai ka jiƙa shi da ruwa kafin ka ɗaura, da asubar hunturu wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. A gudun hankali na kwatanta, bambancinsu da na hannu bai wuce bugu biyu uku ba, sai na ce a kai kasuwa, ban saya ba.

Abin da ban zata ba shi ne yadda yake tona asirin yanayi. Da zafin Afrilu ya shigo, hanya ɗaya sauri ɗaya amma bugu ya ƙaru da kusan goma, don jiki yana tura jini fata ya huce ga zufa tana rage ruwa, dole zuciya ta ƙara aiki. Da azumi ma haka, na gwada fita kafin shan ruwa sau ɗaya na ga lambar da ban so ba, na mayar da shi bayan tarawih. Sai kuma bugun hutu, wanda yake ɗauka in kana kwana da shi. Nawa ya sauko daga 72 zuwa wajen 58, to da damina ta fara sai na tashi wata safiya na ga 69, washegari 73, ni kuma ba na jin komai sai ɗan nauyin jiki. Dare na biyu zazzaɓi ya rufe ni, aka gwada aka ce maleriya. Ba ina cewa agogo yana gano maleriya ba ne fa kar a je a ce na ce, amma yanzu in na ga ya yi tsalle haka kawai ba na fita ranar.

GPS ɗinsa nasa ne, ba ya buƙatar waya ko data lokacin gudu, ka tsaya a fili ya kama tauraron ɗan'adam ya yi kore ka danna, yawanci kafin in gama ɗaure takalmi ya kama. Wannan babban abu ne ga mai fita da duhun asuba a zamanin ƙwacen waya, wayata tana gida a ƙarƙashin filo. In na dawo sai ya tura komai Garmin Connect, manhajar kamfanin a waya, ta blutut, daga can ya wuce Strava, manhajar da masu gudu ke ɗora gudunsu jama'a su gani, in ka haɗa su. Don Allah masu Strava ku shiga saiti ku ɓoye farko da ƙarshen hanyarku, na ga mutane suna ɗora taswira tun daga ƙofar gidansu da lokacin da suke fita kullum, haba.

Ruwa ba ya masa komai, an rubuta 5 ATM, wato ma'aunin jure ruwa, ruwan sama ya sha dukana da shi. Wajen alwala dai tunda a matse yake sai na sassauta ko in cire don ruwa ya taɓa fata, kuma hakan ya zama alheri, domin in ka bar zufa da ƙura suna kwana a ƙarƙashin robar ƙuraje za su fito maka, ni da kaina na jawo wa kaina sau ɗaya da ƙiwar wankewa. Ƙararrawar tashi ta girgiza ma tana da daɗi, tana tashina asuba ba tare da ta tashi jaririya ba.

Abubuwan da babu su kuma gara ka sani kafin ka biya. Ba ya ɗaukar waƙa ko karatu a cikinsa, ba taswira, ba a amsa kira da shi sai dai ya nuna maka saƙo ya shigo, cajarsa tasa ce ta daban ba irin ta waya ba, in ta ɓace sai ka yi oda. Kuma ba ya auna hawan jini, wannan tambayar ta fi kowacce yawa, kawuna har cewa ya yi in ara masa ya daina zuwa kemis. Bugun zuciya daban hawan jini daban, mai hawan jini ko ciwon ƙirji ko wanda ke shan maganin zuciya ya ga likita kafin ya fara gudu, wasu magungunan ma rage bugun suke yi sai lissafin zon ɗin ya tashi a banza. Akwai su Body Battery, wato ƙiyasin ƙarfin da ya rage maka a jiki, da awannin hutu da shawarar gudun yau da yake bayarwa kullum, ina kallonsu kamar hasashen yanayi, wani lokacin su dace wani lokacin ya ce in huta awa 40 ni kuma garau nake ji.

Wa zan ce ya saya? Wanda da gaske yake fita gudu ko tafiyar motsa jiki aƙalla sau uku a sati. In don ado ne ko amsa kira a ɗaurin aure, kuɗinka zai yi ciwo, nemi wani. In aljihu da nauyi akwai Forerunner 165 da ya fito a 2024 mai sikirin irin na waya, ya fi kyau nesa ba kusa ba amma batirinsa bai kai na wannan daɗewa ba. In na hannu za ka saya ka kunna GPS a gaban mai shagon ka ga ya kama, ka duba koren hasken yana ci, ka tabbata ramin caji bai yi tsatsa ba. Ni dai ina ba shi takwas cikin goma.

Baba mai carbi kuwa yanzu tare muke zagaye biyu na farko, yana min labarin Kaduna ta da, ina satar kallon hannu ina ganin 128. Satin da ya wuce ya ce in ɗaura masa ya ga nasa, muka yi zagaye ɗaya ya nuna 104, ya tambaye ni mai kyau ne ko marar kyau, na ce Baba ka fi ni. Ya ce ai ya sani, ya miƙo min kayana.