Sabuwar a-kori-kura ta mutu min a hanya, tsohuwar Hilux ce ta jawo ta

Jama'a, duk mai niyyar sayar da tsohuwar a-kori-kurarsa don ya hau sabuwa, ya ɗan dakata ya ji abin da ya same ni. Masara nake nomawa a yankin Saminaka, ina kuma sayen hatsi in kai Dawanau. Motar da na daɗe ina aiki da ita Hilux ce ƙirar shekarun 1990, mai injin gas 3L, lita 2.8, ba tarbo, ba kwamfuta. Da kaka ta yi kyau bara sai na haɗa kuɗi na sayi sabuwa dal a leda, mai ƙofa huɗu, ta wani kamfani daban. Ba zan kama sunansu ko na dilan ba, don har yanzu maganarmu ba ta ƙare ba.

Da farko sai hamdala. Sanyi a ciki, kujera mai laushi, ga ƙarfi a hawa, kuma gas ɗin da take sha bai kai na tsohuwar ba.

Tsakiyar damina na yi lodin takin yuriya daga Kaduna zan kai gona. Na tsaya wani gidan mai a bakin hanya aka cika min tanki. Mun wuce Pambeguwa kaɗan sai wata fitila ta kama a gaban sitiyari, mota ta fara sarƙewa, ina taka totur tana ƙin tafiya, can sai ta yi shiru. La'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗu ta gabas, ga buhunan yuriya a baya, kuma kowane manomi ya san abin da ruwa ke yi wa yuriya. Wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin da mutum zai so dare ya riske shi ba ne. Yaron motata ya hau acaɓa ya ɗauko wani dattijon bakanike daga gari na kusa. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba irin tamu ba ce. Sai mai kwamfuta, in na sa mata sifana zan ƙara ɓata maka ita." Wallahi ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa min. Amma raina ya ɓaci matuƙa, motar da ko ledar kujerunta ban gama cirewa ba.

Ƙanena na kira ya taho da tsohuwar Hilux daga gona. Muka kwashe takin muka mayar cikinta, muka rufe da tamfol ana yayyafi, aka ɗaura wa sabuwar igiya. Da lodin da komai ta ja ta har cikin gari. Abin da ya fi ci min rai, a makon da abin ya faru ita ma tsohuwar ta sha gas a wannan gidan man. Tari kawai ta yi, ƙanena ya kwance ƙasan filta ya tsiyaye ruwan, ya yi famfo da hannu, ta tashi.

A Kaduna suka sa kwamfuta suka ce ruwa ne a cikin gas, ya lalata nozul huɗu masu fesa gas cikin inji da famfon mai. Na ce to ai akwai garanti. Suka ce garanti bai shafi gurɓataccen mai ba, man da na zuba ne ya jawo. Na zaga Panteka ba a samu kayan ba, na aika Ƙofar Ruwa a Kano nan ma babu, sai daga Legas aka yi oda, mota na ajiye ana tsakiyar zuba taki. Kuɗin gyaran ba zan faɗa ba, masu irin motar sun sani.

Wani injiniya a garejin ne ya zaunar da ni ya yi min bayani. Sababbin injinan gas suna tura mai da matsi mai tsanani ta wasu 'yan ƙofofi ƙanana ƙwarai a bakin nozul, kwamfuta ce ke buɗewa da rufewa. Shi kansa gas ɗin ne ke shafa wa famfon maiƙo, don haka in ruwa ya shiga, ko an sirka da kananzir, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, garin ƙarfen ya bi layi ya toshe komai. Tsohon inji matsinsa bai kai haka ba, shi ya sa yake haƙuri da ƙazamin mai.

Da na huce na ga cewa babban mai laifi wanda ya sayar min da ruwa da sunan gas ne, Allah ya isa tsakanina da shi. Kuma wannan tsarin ba motata kaɗai ke da shi ba. Hilux da aka fara fitarwa a 2015 mai injin gas 2.4 ko 2.8, da a-kori-kurar wasu kamfanoni irin su L200, da D-Max, da Ranger, duk haka suke aiki, duk mai tsabta suke so. Ina jin shi ya sa mafi yawan Hilux da muke gani a hannun ma'aikatu da kamfanoni a nan masu fetur ne, lita 2.7, duk da shan man da suke yi, balle tun cire tallafi a 2023. Inda Toyota ta yi wa sauran nisa a wurinmu shi ne kayan gyara da hannun kanikawa. Ko a ƙaramar tasha ka tsaya za ka samu wanda ya san cikinta. Haka Fijo 504 a-kori-kura ta yi zamani a ƙauyukanmu, don a lokacin a Kaduna ake haɗa ta, kayanta kuma ko'ina akwai.

Tsohuwar ma ba zan yi mata ƙarya ba. In ta ɗauki kaya ta doshi hawan Jos sai ka yi ta haƙuri a giya biyu, hayaƙi na bin bayanka. Sifirin ɗinta na ganye ne gaba da baya, in ba kaya duk ramin da ta faɗa sai ka ji shi a ƙugunka. Ba ta da jakar iskar kariya ko ɗaya. Bel ɗin taimin kuma dole ka canza shi a kilomita 100,000, in ya tsinke a guje ya tafi da bawul. Ranar da aka ba ni sabuwar bayan gyara na kama hanyar Zariya, na ji daɗinta har na ce a raina ai komai ya wuce, iyali ma sun fi son ta nesa ba kusa ba.

Sai ga fitilar nan ta sake kamawa ina shiga Kwanar Dangora. Wannan karon ba ta mutu ba, amma ta ƙi wuce tafiyar Keke Napep har Kano. Aka ce wata 'yar na'ura ce mai auna matsin mai, ita ma tun ɓarnar farko ta taɓu, ba su lura ba. Mutanen da suka karɓi kuɗina cif suka kasa duba aikin da kyau! Na kira dilan, ya ce zai neme ni, har yau shiru.

Yanzu na sa mata ƙarin filta mai raba ruwa da gas, ba na shan mai sai a manyan gidaje cikin gari, kuma ba ta ƙara zuwa gona da kaya ba. Wani ɗan kasuwa a Saminaka ya taya tsohuwar Hilux da daraja, na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Sabuwar kuwa, in na samu mai saye da farashin da ba zan yi asara da yawa ba, zan sake ta in nemi mai fetur.