Gam ɗin Sikaflex-221 a rufin mota: inda ya yi da inda bai dace ba

Kafin ka ga ɗigon ruwa na farko a kan kujera, ruwan ya daɗe yana kwance tsakanin ƙarfe da silin yana cin tsatsa. Haka yoyon rufin mota yake, ko ƙaramar bas ce ta haya irin Benz Sprinter da tsohuwar Benz 207, ko mota mai ɗakin kwana a ciki irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, ko motar da aka mayar asibitin tafi-da-gidanka. A Kumasi ruwan da ke sauka a shekara ya kai wajen milimita 1,400, kuma damina biyu muke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa farkon Nuwamba. Rufin da aka yi wa aikin ganin ido ba ya kai ƙarshen ta biyun.

Abin da mutanenmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi suka saba yi idan rufi ya fara yoyo shi ne a aiki yaro ya sayo silikon, ko a manna tef mai kwalta irin na kwanon gida. Duk biyun ɓata aiki suke yi. Silikon mai warin tsami yana fitar da asid yayin da yake bushewa, asid ɗin kuma shi ke tayar da tsatsa a wurin da aka ce za a kare. Mafi muni, idan ya bushe babu abin da ke kama jikinsa, ba fenti ba, ba wani gam ba, ko sabon silikon bai cika zama a kan tsoho ba. Kwalta kuwa rana tana narkar da ita, ta zame, ta bar maiƙon da sai an sha wuya kafin ya fita. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata a yi magana a kan Sikaflex-221, na kamfanin Sika na ƙasar Suwizalan.

Gam ne na foliyuritan, wato wani nau'in roba, ba a haɗa shi da komai, daga bututu sai kan aiki da bindigar matsa gam. Bututun yana ɗauke da mililita 300, akwai kuma na leda mai 600 ga mai babbar bindiga. Yana zuwa fari, toka-toka da baƙi. Danshin iska ne ke busar da shi, ba zafin rana ba, kuma daga waje yake fara ƙarfi ya yi ciki. Kamfanin ya ce yana yin fata a cikin kamar awa ɗaya a zafin digiri 23, amma a danshin Kumasi kada ka dogara da awa ɗayan nan, yana riga haka. Cikinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 yake ci a kwana guda, don haka layi mai kauri yana son kwana biyu ko uku.

Ƙarfinsa na gaske shi ne miƙewa. Rufin mota ba ya zama wuri ɗaya. Ɗauki rufin alminiyan mai tsawon mita 6: idan zafinsa ya tashi da digiri 40 daga asuba zuwa azahar, yana ƙara tsawo da sama da milimita 5, na ƙarfe kuma kusan 3. Da dare ya koma. Ka haɗa da murɗawar da bodi ke yi a ramukan hanya da kaya a kan keriya. Duk abin da ya bushe ya ƙame, irin su foti ko gam mai tauri, tsagewa zai yi a daidai mahaɗar. Sikaflex-221 kuwa idan ya nuna, wato ya gama bushewa har ciki, kamar robar taya mai laushi yake, yana miƙewa ninki-ninki kafin ya tsinke, kuma yana kama ƙarfe mai fenti, alminiyan da faiba sosai. Ana iya goge shi da samfefa, fenti kuma yana zama a kansa. A mahaɗar rufin ƙarfe, da magudanar ruwa ta gefe, da ramukan notin keriya, ba mu da ƙorafi a kansa.

Sai dai kashi mafi yawa na aikin ba a bututun yake ba, a shiri yake. Fara da gano inda ruwan ke shiga, domin inda ya ɗiga a ciki ba lallai nan ya shigo ba, yana bin haƙarƙarin rufi ya yi nisa. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila bayan an sassauta silin, ɗaya ya riƙe tiyo a waje. A fara daga ƙasa, a bakin gilashi da magudana, a tsaya minti biyar a kowane wuri kafin a hau sama. Wanda ya fara zuba ruwa daga tsakiyar rufi ya jiƙa ko'ina, ba zai san komai ba. A Sprinter a duba ƙananan marufan roba da ke toshe ramukan keriya a tsawon rufin, da mahaɗun da ke kusurwa ta baya, nan tsohon gam na kamfani ya fi tsagewa. A mota mai ɗaki kuma a duba kewayen tagar sama, gindin na'urar sanyaya ɗaki, mashigar wayar sola, da ƙafafun tsani. Kada a taka irin wannan rufin kai tsaye. A shimfiɗa falanki a rarraba nauyi, kuma inda ka danna da tafin hannu ka ji ya lotsa, katakon ƙasa ya ruɓe, gam ba zai gyara wannan ba.

Idan an gano wurin, a kankare duk tsohon gam da ya saki. Makankarin roba ya fi, don wuƙa tana yanka fenti ta buɗe wa tsatsa sabuwar ƙofa. Inda aka taɓa sa silikon sai an bi shi har ya ƙare ƙaf, sannan a goge da samfefa. Gwajinsa mai sauƙi ne: yayyafa ruwa, idan ya dunƙule ya yi ƙwallo-ƙwallo, da sauran silikon. Tsatsa a goge ta har farin ƙarfe ya fito, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a bar shi ya bushe sarai. Ramin da ya huda ya wuce bakin fensir na mai walda ne, kuma kafin walda a cire kan batir a janye silin da wayoyi daga wurin. Daga nan a wanke da sabulu, a bari ya bushe, a goge da tsumma mai tsabta da sifirit ko Sika Aktivator-205, ruwan goge wuri na kamfanin, hanya ɗaya, ba kai da komo ba. Nan akwai kuskuren da ake yawan yi. Sifirit yana hana foliyuritan nuna, don haka a ba shi aƙalla minti goma ya tashi kafin a matsa gam, kuma kada a sake kusantar da shi ga ɗanyen aiki. Wanda ya gyara layinsa da yatsa mai sifirit zai dawo bayan kwana uku ya tarar da shi yana danƙo.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Iyakar zafin da kamfanin ya yarda a shafa shi digiri 40 ne, rufin da ya sha rana tsaka a Kumasi kuwa ya wuce haka nesa, hannu ma ba ya iya zama a kai. A irin wannan zafin gam ɗin yana yin kumfa a ciki. Da sassafe kuma akwai raɓa, jiƙaƙƙen wuri shi ma kumfa yake jawowa. A yi shi a ƙarƙashin rumfa, ko da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Ɗan tsagaitawar ruwa na watan Agusta lokaci ne mai kyau. Hunturu ma ya yi, amma iska ta bushe, nunar za ta yi jinkiri, ƙura kuma tana mannewa a fata idan ba a rufe ba.

A manna tef na masu fenti gefe da gefe, a bar kamar santimita ɗaya kowane ɓangare na mahaɗar. A yanka bakin bututun a karkace, a tura gam ɗin gaba yadda zai shiga cikin tsagar, ba a ja shi a sama-sama ba. Kaurinsa kada ya gaza milimita 3, domin siririn shafi ba shi da naman da zai miƙe. A lallaɓa shi sau ɗaya da ƙaramin makankari ko yatsa cikin safar hannu, a cire tef ɗin nan take tun bai yi fata ba. Wajen lissafi, layi mai faɗin milimita 10 da kaurin 5 yana cin bututu ɗaya a mita 6. Ka auna mahaɗun motarka ka ƙara bututu ɗaya a kai. Sukurun da ke juyawa ba ya kamawa a canza shi da wanda ya fi shi kauri kaɗan, a matsa gam a ramin kafin a ɗaure, sannan a rufe kansa gaba ɗaya.

Yanzu ga inda muke da magana a kansa. Na farko, ba ya son zama tsirara a rana. Idan aka bar shi babu fenti, farin yana komawa rawaya, samansa ya yi gari ya fara ƙananan tsaga. Don haka fenti a kansa dole ne bayan ya nuna, kuma a fara gwada fentin a ɗan wuri. Wanda ba zai yi fenti ba gara ya nemi Sikaflex-522, ɗan gidansu ne da aka yi don jure rana da ruwa, shi ya fi dacewa da kewayen tagar sama da maƙalan sola. Na biyu, riƙonsa ya yi yawa ga abin da za a sake cirewa. Idan ka zaunar da tagar sama a kansa, ranar da murfin ya lalace sai ka yanka da waya, wataƙila ka fasa bakin. A ƙarƙashin baki tef ɗin butil ake sawa, wanda ba ya ƙamewa, a ɗaure sukurori har ya ɗan fito gefe, a yanke rarar, gam kuma ya zo a sama kawai. Haka nan kada a sa shi a kan garau ɗin roba na murfin taga, yana iya sa shi tsattsagewa.

Na uku shi ne wanda ya fi tsada idan an yi kuskure. Motocin ɗaki na Amurka da yawa rufinsu shimfiɗar roba ce a kan katako, nau'in da ake kira EPDM ko wanda ake kira TPO. Ka cire zoben tagar sama daga ciki ka duba leɓen robar da aka lanƙwaso: idan sama fari ne ƙasa baƙi, EPDM ce, idan kala ɗaya ce duka, yawanci TPO ce. Wannan rufin ba na Sikaflex-221 ba ne. Nasa shi ne gam ɗin Dicor 501LSW, wanda ke bajewa da kansa a shimfiɗaɗɗen wuri, ko tef ɗin EternaBond mai faɗin inci 4 a dogayen mahaɗu, wanda sai an danne shi da ƙarfi da abin murzawa kafin ya kama. Ba kaya ba ne da za ka tsinta a kowane shago a Suame, cibiyar makanikai ta Kumasi, ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, sau da yawa sai an sa ɗan'uwa a waje ya aiko, amma jiran ya fi. Kuma kada fetur, kananzir ko tina su taɓa robar, kumbura take yi ta saki daga katako.

Wajen saye, maigida, ka duba kwanan wata a jikin bututun da idonka. Wata 12 ne wa'adinsa, an kuma so a ajiye shi ƙasa da digiri 25, abin da shagon kwantena ba ya bayarwa. Wanda ya tsufa yana tauri daga gindi, ka yi ta matsa bindiga yana fitowa guntu-guntu, kuma ba ya kamawa yadda ya kamata. Ka sa safar hannu, domin idan ya bushe a fata sai dai ya tafi da kansa, ka kuma yi aikin inda iska ke shiga. Bututun da aka buɗe ba ya jiran wata damina, ko an toshe bakinsa da leda kwanaki kaɗan ne ya rage masa, shi ya sa ya fi kyau a shirya dukkan wuraren tukuna a matse su rana ɗaya. A bar motar kwana biyu ba wanki, sannan a maimaita gwajin tiyo. Bayan haka a riƙa hawa ana dubawa sau biyu a shekara, a watan Maris da watan Agusta, ana bin bakin layin da farce: inda farce ya shiga ƙarƙashi, a yanke wurin a sake shi kafin ruwa ya sauka.