Mutum-mutumin Pony Express da bargarsa a St. Joseph: ka fara da barga

Duk wanda hanya ta bi da shi garin St. Joseph a jihar Misuri ta Amurka, kuma yana son doki ko tarihi, ya ware rabin yini saboda abu biyu: mutum-mutumin mahayin Pony Express, wato tsohon kamfanin kai wasiƙu a kan dawaki, da ke tsakiyar gari, da tsohuwar bargar da aka mayar gidan tarihi a titin Penn. Shawarata ita ce a fara da bargar, domin sai ka san aikin kafin mutum-mutumin ya yi maka magana.

Daga wannan barga mahayi na farko ya fita ranar 3 ga Afrilu, 1860, ɗauke da wasiƙu zuwa Sakaramento a Kalifoniya, tafiyar sama da mil 1,900 da suka yi alkawarin cinyewa cikin kwana 10. Mutum uku ne suka kafa kamfanin: William Russell, Alexander Majors da William Waddell. Dabararsu ita ce zanguna. Bayan kowane mil 10 zuwa 15 akwai zango da hutaccen doki yana jira, mahayi ya sauka daga wanda ya gaji ya haye sabo, sai ya yi mil 75 zuwa 100 kafin ya miƙa wa wani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jakar wasiƙun, wadda suke kira mochila. Shimfiɗar fata ce da ake ɗorawa a kan sirdi, da aljihu huɗu a kusurwoyinta, kuma nauyin mahayin ne ke danne ta. Ba a ɗaure ta da igiya, saboda haka da an isa zango sai a fizge ta a jefa kan sirdin gaba. Na daɗe a gabanta. Wanda ya taɓa ɗaura sirdi cikin gaggawa, doki yana tirjiya, zai gane irin basirar da ke cikin wannan fata. Kuɗin aika wasiƙa kuwa dala 5 ne a kan rabin oza tun farko, daga baya ya sauko zuwa dala 1, shi ya sa ake rubutu a kan takarda shara-shara.

Da wannan a kaina na je gaban mutum-mutumin. Hermon MacNeil ne ya ƙera shi da tagulla, aka ƙaddamar da shi a 1940, shekara 80 bayan fitar mahayin farko. Dokin yana tsakiyar sukuwa, mahayin ya duƙa gaba, jakar tana ƙarƙashinsa kamar yadda na gan ta a barga. Maƙerin ya san doki, wallahi. Dubi jijiyoyin cinya da yadda wuya ya miƙe, ba dokin ado ba ne, dokin aiki ne. A fili yake, ba kuɗin shiga, kuma ka zagaya shi ta kowane gefe, don ta gefe ne ƙarfin tsallen ya fi fitowa. Idan hoto kake so, je da safe ko da la'asar, hasken tsakar rana yana kashe kyan tagulla.

Sai dai mutum-mutumi guda ba zai iya ɗaukar labarin duka ba. Yana nuna jarumi ɗaya, alhali aikin na taro ne: masu tsaron zanguna da suka zauna a daji su kaɗai, da masu kiwon dawakan. Ba ya kuma nuna cewa hanyar ta ratsa ƙasar mutanen asali, har yaƙin da aka yi da ƙabilar Paiute a watan Mayun 1860 ya tsayar da aikin na ɗan lokaci. Wannan ɓangare ya kamata mai ziyara ya nema da kansa, musamman in ya zo da yara.

Aikin bai kai wata 19 ba. Wayar tangarahu ta haɗa gabashin Amurka da yammacinta ranar 24 ga Oktoba, 1861, bayan kwana biyu aka sanar da rufe Pony Express, masu shi kuma suka tashi da asara. In lokaci ya rage maka, otal ɗin Patee, inda ofishin kamfanin yake a da, yana nan kusa da bargar, shi ma yanzu gidan tarihi ne, ana iya zuwa a ƙafa.