Gidan Tarihi na Jos da Mutanen da Suka Zauna a Kan Duwatsu

Na ziyarci Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya kafa a shekarar 1952, da nufin fahimtar rayuwar mutanen dā da suka zaɓi zama a kan tuddai, kuma ban yi nadamar zuwana ba.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne sassaƙen yumɓu na al'adar Nok, waɗanda aka fara cin karo da irinsu a 1928 yayin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok. Idanunsu masu kusurwa uku, da hudar da aka yi a ƙwayar ido da hanci, da kitson da aka tsara da natsuwa, duk suna nuna cewa masu aikin gwanaye ne. Jagoran da ya zaga da mu ya yi bayani cikin Hausa mai daɗi, ya ambaci maƙerun narka ƙarfe da aka tono a Taruga, ɗaya daga wuraren da mutanen Nok suka zauna, sannan ya ce binciken masana daga Jamus ya kai farkon wannan al'ada zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da yawa daga wuraren zaman mutanen Nok a kan tuddai aka same su.

Ɗakin tukwane ma ya cancanci a tsaya masa. A ganina dai, mai son ya gane dabarar kare gari ya ƙarasa sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da jar ƙasa, ya tanadi aƙalla rabin yini.